Kayan Tsira Daga Zaftarewar Dusar Ƙanƙara: Nazarin Amfaninsu da Iyakarsu

A kowace shekara, zaftarewar dusar ƙanƙara tana hallaka kimanin mutum 100 a tsaunukan Alps, akasarinsu masu wasan zamiya da mahaya duwatsu da suka bar hanyoyin da ake kula da su. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa kayan nan uku da aka saba ɗauka, wato na'urar sigina da sandar lalube da shebur, ba sa hana dusar binne mutum. Abin da suke yi shi ne gaggauta tono shi.

Hujjar tana cikin alƙaluman Siwizalan da Markus Falk da Hermann Brugger suka wallafa a mujallar Nature a 1994: cikin waɗanda aka tono kafin cikar minti 15, kashi 92 cikin ɗari sun rayu, amma a minti 35 adadin ya faɗo zuwa kashi 30, saboda shaƙewa. Da wuya jirgin ceto ya iso cikin wannan ɗan lokaci, don haka abokin tafiya shi ne mai ceto. A nan ƙwarewa take shigowa. Na'urar, mai aiki a zangon kilohaz 457, a jiki ake ɗaure ta ƙarƙashin riga, nesa da wayar salula da ke dagula siginarta. Wanda ya jefa na'urar cikin jaka, dusar na iya fizge jakar ta bar shi. Bayan an gano wurin, an caka sanda ta taɓa jiki, sai haƙa, wadda ita ce mai cin lokaci, domin dusar da ta zafto takan daskare kamar siminti. Hannun da bai taɓa gwada wannan aiki ba, rawa zai yi.

Wani zai ce ai jakar iska, wadda ake goyawa ta kumbura idan dusar ta zafto, ta sauya lissafi. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Binciken Pascal Haegeli da abokan aikinsa na 2014 ya nuna cewa idan jakar ta kumbura, mace-mace kan ragu daga kashi 22 zuwa 11. Sai dai a kusan kashi 20 na haɗurran ba ta kumbura ba, galibi don mai ita bai ja igiyar ba. Ba ta kuma kare wanda dusar ta maka da bishiya ko dutse, alhali a yammacin Kanada rauni ne sanadin kusan rubu'in mace-macen. Wanda ya dogara da jaka ya faɗa gangaren da zai guje wa in babu ita, ya cinye ribar tun kafin ya sauko.

Tun 1993 ƙasashen Turai suke amfani da ma'aunin haɗari mai mataki biyar, kuma kusan rabin mace-macen Siwizalan a mataki na uku suke aukuwa, a gangare mai karkatar da ta wuce digiri 30. Saboda haka rahoton haɗari na ranar da karkatar gangaren su ya kamata su yanke shawarar shiga, sannan kaya su biyo baya.