Gayya, Zakka da Rumbun Tsimi: Tarihin Taimakon Juna a Karkarar Hausa

Ƙasar Hausa tana cikin yankin da ruwan sama ba ya wuce wata huɗu zuwa biyar a shekara, kuma abin da manomi ya girbe da kaka shi zai ci da iyalinsa har wata kakar, saboda haka kusan kowace shekara akwai lokacin da hatsi yake ƙarewa a rumbunan talakawa, wato daga tsakiyar damina zuwa nunar sabon gero, daidai lokacin da aikin gona ya fi tsanani. Wannan ƙunci mai dawowa duk shekara shi ya haifar da yawancin hanyoyin taimakon juna da aka san Hausawa da su, waɗanda kowace tana da ƙa'idarta da lokacinta da wanda ta wajaba a kansa, har ma wanda ya yi ƙememe a kansu yakan sha zargi a gari kamar wanda ya ci bashi ya hana.

Tushen tsarin shi ne gandu, wato haɗin gwiwar uba da 'ya'yansa maza ko da sun yi aure, ko na 'yan'uwa a ƙarƙashin babban wansu, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, yayin da kowane namiji yake da gayauna, ƙaramar gonar da amfaninta nasa ne shi kaɗai. Maigida mai tsinkaye yakan liƙe babban rumbu bayan girbi, ba ya buɗe shi sai ruwa ya sauka, matasa kuma su tafi cin rani a birane domin a rage bakunan da ake ciyarwa, don haka hatsin da aka yi tsiminsa yakan isa lokacin da aka fi bukatarsa.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya kuwa, gayya ake kira masa. Mai gona yakan kai goro ga sarkin samari ya faɗa masa rana, shi kuma ya sanar da matasan gari, wani lokaci har da na ƙauyukan maƙwabta. Da sassafe sai su jeru a bakin gona, kowa da garmarsa ko fartanyarsa, kowa ya kama kunyarsa, makaɗan gangar noma suna biye da su suna zuga wanda ya yi gaba, suna yi wa na baya habaici, 'yan mata kuma suna isowa da ƙoren fura da hantsi. Kafin azahar an gama noman da zai ɗauki mai gona da 'ya'yansa makonni, ba a biyan masu noman ko anini, sai dai abinci da goro da kuma sanin cewa ranar da wani daga cikinsu ya kira tasa gayyar dole a amsa masa. Da irin wannan taro ake nome gonar marar lafiya da ta surukai, a ɗora jinka a kan ɗaki, a yashe rijiya, a gyara maƙabarta.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa gayya tana daidaita mai shi da marar shi, domin kiranta yana bukatar hatsin da za a ciyar da jama'a da abin sallamar makaɗa, a watan da talaka ba shi da ko ɗaya. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar gayyar noma ta ja baya, ƙwadago wato aikin lada ya maye gurbinta, kuma matalautan manoma su ne suke barin gonakinsu su tafi noman wasu domin samun abin sawa a tukunya. Akwai kuma falle, inda mabukaci yake karɓar hatsi ko kuɗi tun kafin aiki ya biya da guminsa daga baya, al'adar da take ceton rai a yau amma take rage amfanin gonar mai karɓa a kaka.

Mata suna da nasu hanyoyin, kuma su ne suka fi shafar rayuwar yau da kullum. Ciyayya, wato aika kwanon tuwo tsakanin gidajen dangi da maƙwabta, takan sa gidan da bai hura wuta ba ya kwana da abinci a ciki ba tare da an roƙa ba, abin da yake da muhimmanci ƙwarai a al'ummar da take ɗaukar kunya da rufin asiri a matsayin dukiya. Biki kuma, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana shi a ƙasar Zazzau a littafinsa na 1955, alaƙa ce tsakanin ƙawaye inda gudummawar da aka kai wa mace ranar suna ko aure take mayar da ita da ƙari ranar hidimar ƙawarta. Adashi yana tara ƙananan kuɗi su zama jari, kala kuwa tana ba tsofaffi damar tsintar zangarniyar da ta rage a gona bayan girbi.

A saman waɗannan duka akwai zakka, wadda ga amfanin da ruwan sama ya shayar kashi ɗaya ce cikin goma, manoma kuma suna ƙirga ta da dami ɗaya cikin kowane goma. A zamanin Daular Sakkwato, bayan jihadin 1804, masu sarauta ne suke tattara ta, wani kaso kuma yana zama a rumbunan dagatai da hakimai, inda ake sa ran za a buɗe idan gari ya shiga matsi, ko da yake ba kowane basarake ne ya riƙe wannan amana ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kwaɗaitar da talakawa neman abinci da adana shi cikin ayyukan shugaba. A kwarin Maraɗi kuma Guy Nicolas ya rubuta game da bikin dubu, wanda manomin da ya tara dami dubu yake rabar da hatsi mai yawa ga jama'a kafin a amince masa da sunan sarkin noma, ta yadda girma yake zuwa ta hanyar bayarwa.

Wannan mataki na sama shi mulkin mallaka ya fi raunanawa. Bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sannu a hankali aka haɗe zakkar hatsi da sauran kuɗin ƙasa zuwa haraji guda wanda ake biya da tsabar kuɗi, ana kuma karɓarsa bayan girbi lokacin da hatsi ya fi araha, don haka manomi ya riƙa sayar da abin da a da yake tsimi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa na sayarwa ya bunƙasa, sai damina ta 1913 ta gaza, aka shiga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, wadda agajin gwamnati ya zo mata kaɗan kuma a makare. Michael Watts, wanda ya yi aiki a Kaita ta ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa fari daɗaɗɗen abu ne a yankin, abin da ya sauya shi ne ƙarfin jama'a na jure masa. A Nijar, bayan yunwar fara ta 1931, Faransawa sun tilasta wa ƙauyuka ajiye rumbunan tsimi, amma manoma sun ƙi jininsu domin mabuɗin yana hannun hukuma.

Manyan yunwoyi sun bayyana iyakar taimakon maƙwabci, domin idan fari ya game ƙasa kowane rumbu fanko ne, ciyayya takan tsaya, mutane su koma ga tafasa da dusa da 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwanaki kafin ɗacinsu ya fita, a sayar da dabbobi, sannan a jinginar da gona, daga ƙarshe a yi ƙaura. Haka aka gani a 1973 zuwa 1974, da kuma 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari, shugaban Najeriya na lokacin, saboda rufe iyakar Najeriya a wannan shekara. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulkin Nijar a 1974 yunwa tana tsaka, ya farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa, domin ayyukan gayya na gina ajujuwa da rijiyoyi, daga baya kuma bankunan hatsi suka yaɗu a ƙauyuka, inda kwamitin gari yake sayen gero da kaka ya sayar wa mazauna da sauƙi a tsakiyar damina. A Najeriya, jihohin da suka dawo da shari'a daga 1999 sun kafa hukumomin zakka da waƙafi, yayin da ƙungiyoyin aikin gayya na unguwannin Kano suka mayar da hankali ga yashe kwatoci kafin saukar ruwa da cike kaburburan da suka rufta bayan damina.