Fitilar Hazo da Fitilar Tsere: Tarihin Ƙananan Fitilu Biyu da ke Ƙasan Bambar Mota

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan'uwa da data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau hirar tamu kan wani ɗan ƙaramin abu ce. In kana da mota, ko kana kusa da tasha, ka ɗan duƙa ka duba ƙasan bamba. A motoci da yawa za ka ga ƙananan fitilu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne fitilun hazo, waɗanda masu wayarin ke ce wa fog. To, yanzu yayin da ake yi shi ne a cire su, a sa wasu farare fat masu harba haske nesa, irin waɗanda ake sarowa daga Ƙofar Ruwa a Kano. Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Roni bayan isha'i ya san abin da nake nufi. Mota za ta ɓullo daga kwana, sai ka ji kamar an watsa maka barkono a ido.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, a hunturun bara na shiga motar haya daga Kazaure zan je gida Roni. Hazo ya sauka sosai. Direban namu saurayi ne, yana ta yabon sababbin fitilun da ya sa. Da ya kunna su, wallahi sai gabanmu ya koma fari kamar an rataya zanen gado. Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce masa, "Ɗana, kashe waɗannan, ka koma dim, ka rage gudu." Yana kashewa sai ga amalanken shanu ɗauke da kara a gefen titi, ba nisa. Allah ne ya tsare. Tun ranar nake tambayar kaina: wa ya ƙirƙiro waɗannan fitilu iri biyu, kuma don me?

Bari mu koma farko. Motocin farko a Turai da Amurka fitilar mai suka gada daga keken doki, kusan irin fitilar ƙwai da muka taso da ita. Daga baya aka koma fitilar iskar gas ta kabayid, wato wannan farin dutsen da masu walda ke zuba wa ruwa. Ruwa na ɗiga a kansa, gas na tashi, direba ya sauko ya ƙyasta ashana. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki kuma fitilunta na lantarki. A daidai wannan zamanin ne jirgin ƙasa ya iso Kano, motoci kuma suka fara shigowa Arewa jefi-jefi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko na cikin sarakunan farko da suka mallaki mota a ƙasar Hausa.

Da fitila ta yi ƙarfi, sai sabuwar matsala ta taso. Hasken da ke nuna maka hanya shi ne ke kashe wa mai tahowa ido. Kun ga an shiga tsaka mai wuya ke nan. A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Osram na Jamus ya fito da ƙwan fitila mai zare biyu a ciki, ɗaya na harba haske nesa, ɗaya na sunkuyar da shi ƙasa. Wato ful da dim da kowane direba ya sani. Ku riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya: dim ba don kai aka yi ta ba, don wanda kuke fuskantar juna aka yi ta.

Faransa ta ƙara gaba. A ƙarshen 1936 ta kafa doka cewa motocin da za a yi wa rajista daga 1937 sai fitilunsu sun zama rawaya, a bisa ganin cewa rawayan haske bai kai fari ɗaukar ido ba. Wannan doka ta zauna har 1993. Shi ya sa tsofaffin direbobinmu da suka yi zirga-zirga ta Daura da Kwangwalam, ko ta Ɓaɓura zuwa Magarya da Damagaram, za su tuna Fijo mai rawayar fitila.

To ita fitilar hazo fa? Ƙasashen Turai na fama da hazon sanyi, wanda ƙananan ɗigon ruwa ne da ke rataye a iska. In ka harba haske mai ƙarfi cikinsa, ɗigon ruwan nan sai su maido maka da hasken cikin ido. Masu ƙera fitilu suka gano cewa maganin abin ba ƙara ƙarfi ba ne, sauya wuri ne da fasali. Suka sauko da fitilar ƙasa, nesa da saitin idon direba. Suka baje haskenta ya yi faɗi, ya kama gefen titi dama da hagu. Suka datse samansa don kada ya tashi. Wato aikinta ta nuna maka bakin kwalta da 'yan mitocin da ke gabanka alhali kana tafiya a hankali. Ba a yi ta don gudu ba.

Namu hazon daban yake da nasu. Namu ƙura ce busasshiya, wadda iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza mana ita daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris. Amma a wajen haske halinsu ɗaya ne, ƙurar ma maido da shi take yi. Ga kuma ƙurar da tirela ke tayarwa a hanyar burji, ga ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta. Ke nan fitilar da Bature ya yi don sanyinsa ta zo ta dace da Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Kazaure kamar don mu aka yi ta.

Yauwa. Yanzu mu juya ga ɗaya fitilar, mai harba haske nesa. Ita tashenta daga fagen tseren motoci ya zo. A 1953 aka fara gasar Safari a Gabashin Afirka, don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu. Motoci na keta dazukan Kenya, Uganda da Tanganyika dare da rana, a guje. Mai irin wannan gudun yana buƙatar ya hango rami ko dabba tun daga nesa, don haka sai a jera manyan fitilu huɗu ko fiye a gaban mota, na kamfanoni irin su Cibié da Marchal na Faransa, Hella ta Jamus da Lucas ta Ingila. A 1962 aka fito da ƙwan halojin na farko na mota, mai lamba H1, wanda ya ƙara wa irin waɗannan fitilu kaifi.

Ga inda labarin ya haɗu da namu. Fijo 404 ta lashe gasar Safari sau huɗu a shekarun 1960. A 1975 kuma Fijo 504 ta lashe, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Peugeot da ke Kaduna ya fara harhaɗa 504 a nan gida. Ba da jimawa ba, a ƙarshen Disambar 1978, aka fara tseren Paris zuwa Dakar, wanda a karonsa na farko ya ratsa ta Agadas da Yamai. Hoton Fijo mai jerin fitilu a goshi, tana tayar da ƙura, ya shiga ran direbobi. Mai akori-kura ya sa nasa, mai roka ya sa nasa, abin ya zama ado kuma ya zama alamar wai mota ta isa.

Sai dai akwai abin da hoton bai nuna ba. Direban tsere gudu yake a inda da wuya ya yi kiciɓis da wani, kuma ko shi ɗin, cikin jerin fitilunsa akwai masu faɗi na kusa, akwai masu tsini na nesa, kowacce da makunninta. Bai taɓa cire ta kusa ya maye gurbinta da ta nesa ba. Ƙari ya yi, ba musanya ba.

Akwai wani darasi kuma daga tarihinmu na Najeriya. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar nan ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, kamar maƙwabtanmu Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey. Mutane na tuna sauyin sitiyari, amma ba sa tuna na fitila. Ita dim irin ta Turai ba a miƙe haskenta yake ba, ta ɓangaren gefen titi ya ɗan ɗaga sama don a ga mai tafiya a ƙasa, ta ɓangaren mai tahowa kuma ya kwanta. Motar da aka ƙera don hannun hagu, in ta koma dama ba a sauya mata fitila ba, ɗagowar nan a idon mai tahowa take sauka. Ƙwai ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma inda hasken ya dosa ya bambanta. Ka gane? Saiti ya fi ƙarfi muhimmanci.

Duniya ma ta zauna kan wannan magana. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a Vienna a 1968 ta ce direba ya sauke ful in zai ɗauke wa wani ido, kuma fitilar hazo ta lokacin hazo mai kauri ce, ko ruwa mai ƙarfi, ko makamancin haka. A gida kuma, a Fabrairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, 'yan rod sefti, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Lokacin ma ba a ƙirƙiro Jigawa ba, sai a 27 ga Agusta 1991 aka cire mu daga Kano.

A wannan shekarar ta 1991 BMW ta fito da fitilar zenon mai farin haske da ya ɗan yi shuɗi. Wajen 2007 Lexus ta fara sa fitilar LED a babbar fitilar gaba. A waɗannan motoci an ƙera gilashi da madubin fitilar daidai da ƙwan, an datse hasken. Abin da ya biyo baya shi ne kasuwa ta cika da LED masu araha, na zagaye da masu tsawo kamar sanda, waɗanda ba su da datsa ko kaɗan, watsa haske kawai suke yi ko'ina. Su ne yau a bambar Golf da Sharon, su ne a kan baburan 'yan acaɓa da Keke Napep.

Kuma ni ban ga laifin direba ɗari bisa ɗari ba. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, gilashin fitilarsu ya dushe ya yi ruwan ƙasa. Titi ba fitilar kan hanya, ba farin layi, ga ramuka, ga shanu, ga babur mara fitilar baya, ga tsoron ɓata-gari da dare. Mutum na da gaskiya in ya ce yana son ya hango nesa. Inda aka kuskure shi ne hanyar da aka bi.

Mu ɗan yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ka ɗauke wa mai tahowa ido na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar sama da mita 80 bai ga komai ba, kuma kai ya nufo. Idon dattijo ya fi na saurayi jinkirin dawowa. Sannan fitilar nesa da aka dasa a ƙasan bamba ba ta ma yin aikinta yadda ya kamata, domin daga ƙasa kowane ɗan tudu sai ya yi doguwar inuwa ya ɓoye ramin da ke bayansa. An rasa ta hazo, ta nesan ma ba a same ta ba.

Ga batun waya. Ƙwan fog na asali yawanci wat 55 ne, yana jan abin da bai kai amfiya 5 ba. Mai wat 100 yana jan sama da 8, biyu kuma kusan 17. In aka ɗora wannan kan siririyar wayar kamfani, ba rile, aka kuma cire fis aka ɗaure da waya don ya daina ƙonewa, to an gayyato gobara.

Me tarihin nan ya koya mana? Ka bar fitilar hazo a wurinta. In ta mutu, ka nemi irinta. A gilashin fitilu masu tambarin Turai, wato harafin E cikin da'ira, za ka ga B ko F3 a kan ta hazo, R ko HR a kan ta nesa. Kafin ka sayi ƙari, ka fara wanke ko sauya gilashin babbar fitilarka, ka sa a saita ta a jikin bango. Sau da yawa nan matsalar take. In lallai hanyarka na buƙatar ta nesa, a ɗaura ta sama kusa da manyan fitilu, da rilenta da fis ɗinta, a haɗa ta da ful, ta yadda kana komawa dim za ta mutu da kanta. Ka gaya wa mai wayarin haka da bakinka. In kuma hazo ya sauka, dim da fog, a rage gudu. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Wanda ke tahowa a wancan hannun ba baƙo ba ne. Wataƙila maƙwabcinka ne daga Amaryawa ya ɗauko iyalinsa a babur. Shekara ɗari ke nan masu ƙera mota na neman yadda za ka gani shi ma ya gani, kada mu rushe wannan da sukurudireba a yini ɗaya.

Direbobinmu na Roni, Kazaure, Gwiwa da Ɓaɓura, musamman iyayenmu da suka tuƙa 404 da 504, muna jiran naku labarin. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.