Tarihin Tsarin Neman Ɓatattu da Ceto na Duniya: Darasi Daga Hamadar Tamanrasset

Gabatarwa

Silet ƙaramin gari ne na Abzinawa a jihar Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, fiye da kilomita 100 yamma da birnin Tamanrasset, a kan hanyar da ta nufi iyakar Mali. Daga nan sai duwatsu da rairayi, kuma matafiyin da motarsa ta lalace a wannan yanki ransa yana rataye ne a kan tambaya guda: wane ne alhakin nemansa yake kansa? Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda ƙasashen duniya suka tsara amsar wannan tambaya, da kuma inda tsarin ya tsaya.

Sama da Teku

Jiragen sama da na ruwa su ne suka fara samun doka. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Chicago ta 1944 aka rarraba sararin samaniya shiyya-shiyya, kowace shiyya da cibiyar da ke da alhakin neman jirgin da ya ɓace a cikinta. A 1979 kuma aka yi wa teku irin wannan rabo a wata yarjejeniya da aka ƙulla a Hamburg.

Sai dai sanin mai alhaki daban, sanin inda za a nema daban. A watan Janairu na 1982, Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya, ya ɓace tare da abokan tafiyarsa biyu a wannan yanki yayin tseren motoci na Paris zuwa Dakar. Jirage sun yi ta shawagi, mahaifinsa ya zo Tamanrasset da kansa, amma sai da aka shafe kusan kwana shida kafin jirgin sojan Aljeriya ya hango su. A watan Satumba na wannan shekara ne tsarin taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat, wanda Kanada da Faransa da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kafa, ya yi cetonsa na farko a Kanada. Yadda yake aiki shi ne, ƙaramar na'ura takan aika da kiran neman agaji, tauraro ya kama, tashar ƙasa ta gano wurin, sannan a sanar da ƙasar da ke da alhakin shiyyar. Aljeriya tana da irin wannan tasha a Ouargla.

Girgizar Ƙasa da Kafa INSARAG

Ceton waɗanda gini ya rufta a kansu ya bi wata hanya dabam. A watan Disamba na 1988 girgizar ƙasa ta hallaka kimanin mutum 25,000 a Armeniya. Ƙungiyoyin ceto sun yi ta kwarara daga ƙasashe da dama, kowa da harshensa da kayan aikinsa, ba mai raba musu aiki, har wasu suka zama nauyi a kan waɗanda suka zo taimako. Wannan ya sa a 1991 aka kafa INSARAG, wato majalisar ba da shawara kan nema da ceto, a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

INSARAG ba ta da ma'aikatan ceto nata na kanta, kuma ba ta iya tilasta wa kowace ƙasa. Sakatariyarta tana Geneva, a ofishin daidaita ayyukan jin ƙai na OCHA. Kwamitin koli ne yake amincewa da ƙa'idoji, sannan akwai rassa uku: Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, nahiyar Amurka, Asiya da yankin Pasifik. A ranar 16 ga Disamba 2002 Babban Taron Majalisar ya zartar da ƙuduri mai lamba 57/150, wanda ya goyi bayan waɗannan ƙa'idoji, ya kuma jaddada cewa ƙasar da bala'i ya afka wa ita ke jagorantar aikin, baƙi ba sa shiga sai da yardarta.

Wata biyar bayan haka, a ranar 21 ga Mayu 2003, girgizar ƙasa ta Boumerdès a gabashin birnin Aljiyas ta kashe fiye da mutum 2,200, ƙungiyoyin ƙasashen waje kuma suka zo da yawa. Daga 2005 INSARAG ta fara jarraba ƙungiyoyi, inda takwarorinsu na wasu ƙasashe ke tantance su. Rundunar kare farar hula ta Aljeriya ta ci wannan jarrabawa a babban mataki a 2017, a 2023 kuma ta tafi aikin ceto Turkiyya da Siriya.

Giɓin da Ya Rage

Duk wannan tsari bai kai ga matafiyin hamada ba. A watan Oktoba na 2013 aka gano gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Tamanrasset suka nufa, da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Ba su da na'urar kiran agaji, ba wata cibiya da ta san da fitowarsu, balle ta lura ba su iso ba. Bugu da ƙari, direban da ke gudun jami'an tsaro yakan kauce wa hanyar da aka sani, wato inda za a fi saurin ganinsa. Daga 2016 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta shiga sintirin ceto a jihar Agadas tare da hukumomin Nijar, amma wannan aikin agaji ne da ya dogara da kuɗin masu ba da tallafi, ba wajibi ne da yarjejeniya ta ɗora wa wata ƙasa ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowane sashe na tsarin ceto an gina shi ne bayan ƙasashe sun yarda a rubuce cewa wane ne mai alhaki. Jirgin sama yana da shiyyarsa, jirgin ruwa yana da tasa, birnin da ya rushe yana da ƙa'idojin Geneva. Wanda ya hau bayan mota daga Arlit ko ya bi ta Silet, shi har yanzu ba a raba masa hamada shiyya-shiyya ba.