Manhajar da Aka Gina Domin Kotu: Tarihin Horon Bin Ƙa'ida a Wurin Aiki

A watan Yunin 2019 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, SEC, ta ci kamfanin binciken kuɗi na KPMG tarar dala miliyan 50. Ɗaya daga cikin laifukan da aka kama kamfanin da su shi ne satar amsa a jarrabawar horon cikin gida. Wasu ma'aikata sun riƙa tura wa juna amsoshi, wasu kuma suka gano hanyar da ta fi wannan sauƙi. Makin da ake buƙata domin cin jarrabawar yana rubuce a cikin adireshin intanet na shafin, don haka sai mutum ya canza lambar, ya rage wa kansa makin, manhaja ta shaida cewa ya ci. Akwai waɗanda suka haye alhali amsoshinsu na daidai ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. Wani ɓangare na horon ma hukumar SEC ɗin ce ta wajabta wa kamfanin saboda gazawar da ta kama shi da ita a baya. Shekara uku bayan haka, a 2022, kamfanin Ernst & Young ya biya dala miliyan 100 kan makamancin wannan laifi, har da satar amsa a jarrabawar ɗa'ar sana'a.

Waɗannan mutane ne masu ilimi, waɗanda aikinsu shi ne tabbatar da gaskiyar lissafin wasu. Yadda suka ɗauki horon a matsayin shingen da za a tsallake yana da nasaba da dalilin da ya sa aka ƙirƙiro irin wannan manhaja tun farko.

Tushen abin yana cikin dokar yanke hukunci. A ranar 1 ga Nuwamban 1991 ƙa'idojin da alƙalan tarayyar Amurka ke bi wajen hukunta kamfanoni suka fara aiki. Tsarin lissafi ne: kowane kamfani da aka samu da laifi yana farawa da maki 5 na nauyin laifi, a ƙara masa ko a rage gwargwadon halinsa, sannan makin ya nuna sau nawa za a ninka tara. Kamfanin da ya nuna yana da ingantaccen shirin hana karya doka ana cire masa maki 3, abin da kan iya zabge kashi 60 cikin ɗari na tarar. Cikin sharuɗɗan shirin akwai isar da ƙa'idoji ga ma'aikata, ta hanyar horo ko rarraba takardu. Gyaran 2004, wanda ya biyo bayan durƙushewar Enron da dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, ya mayar da horon tilas, ya kuma haɗa da 'yan kwamitin gudanarwa. Daga nan horo ya samu farashi da ake iya lissafawa da dala.

Kotun Ƙoli ta ƙara wa wutar itace a ranar 26 ga Yunin 1998, da hukunci biyu kan cin zarafin ma'aikata ta fuskar lalata. Wanda ya fi shahara shi ne na Beth Ann Faragher, wadda ta yi aikin ceton masu iyo a bakin tekun birnin Boca Raton na jihar Florida daga 1985 zuwa 1990, ta kuma kai ƙara kan abin da shugabanninta biyu suka yi mata. Birnin yana da rubutacciyar manufa da ta haramta irin wannan hali, amma bai taɓa isar da ita ga ma'aikatan bakin teku ba, kuma wannan na cikin abin da ya kayar da shi. Kotun ta buɗe wa masu ɗaukar aiki ƙofar kariya: idan ba a kori mai ƙara ko an rage masa matsayi ba, kamfani na iya kuɓuta in ya nuna ya yi bakin ƙoƙarinsa wajen hana laifin da gyara shi, kuma ma'aikacin ya ƙi amfani da hanyoyin ƙorafin da aka tanada ba tare da dalili ba. Lauyoyi suka fahimci saƙon nan take. Manufar da ke cikin aljihun tebur ba ta da amfani, dole a samu shaidar cewa wane ya gani, a rana kaza, da ƙarfe kaza.

A daidai lokacin fasahar da za ta samar da wannan shaida ta iso, daga wata ƙofa dabam. Ma'aikatar tsaron Amurka tana kashe kuɗi kan darussan kwamfuta da ba sa aiki idan an ɗauke su daga wannan na'ura zuwa waccan. A 1997 ta kafa wani shiri domin magance matsalar, wanda ya fitar da mizanin SCORM a shekarar 2000, sai sigar 1.2 a 2001. Mizanin ya tsara yadda darasi zai yi magana da manhajar da ke riƙe da sunayen ɗalibai, kuma abin da darasin ke faɗa mata kaɗan ne: an kammala ko ba a kammala ba, an ci ko an faɗi, maki nawa, minti nawa. Injiniyoyin sun warware matsalar da aka ba su, kuma sun warware ta da kyau, tunda har yau ana sayar da darussa a kan wannan mizani. Sai dai abin da na'ura ke iya ƙirgawa shi ya zama abin da ake kai wa shugabanni rahoto a kai, shi kuma ya zama ma'aunin nasara.

Jihar Kalifoniya ta ƙara agogo a kan lissafin. Dokarta ta 2004 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya ba masu kula da ma'aikata horon awa biyu duk bayan shekara biyu. Tunda doka ta ambaci awa biyu, masu manhaja suka sa maɓallin wucewa gaba ya ƙi dannuwa sai lokaci ya cika. Duk wanda ya taɓa barin bidiyo yana magana shi kaɗai, shi kuwa yana amsa saƙonni a waya, ya gaji wannan tsari ne, ko da yana zaune a reshen banki a Kano yana kammala darasin shekara kan halatta kuɗin haram.

Ba za a ce rajistar ba ta da amfani ba. A 2012 ma'aikatar shari'ar Amurka ta gurfanar da Garth Peterson, wani babban jami'in bankin Morgan Stanley a Shanghai, kan azurta wani jami'in gwamnatin Sin ta haramtacciyar hanya, amma ta ƙyale bankin. Cikin dalilan da ta bayar akwai cewa an horar da shi sau 7 kan dokar hana ba jami'an ƙasashen waje cin hanci ta 1977, an kuma tunatar da shi aƙalla sau 35. Ga mai kula da shirin horo wannan nasara ce cikakkiya, takardunsa sun ceci bankin. Ga mai tambayar ko horo na canza hali kuwa, labarin mutum ne da ya zauna darasi sau 7 ya tashi ya aikata abin da aka hana shi.

A 2016 hukumar daidaita damar aiki ta Amurka ta fito da rahoton kwamishinoninta biyu, Chai Feldblum da Victoria Lipnic, wanda ya ce yawancin horon da aka yi cikin shekara talatin bai hana cin zarafi ba, domin an karkata shi ga kauce wa ƙara a kotu. Masana zamantakewa Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi bayanan kamfanoni sama da 800 na tsawon shekaru fiye da talatin, suka wallafa sakamakon a 2019. Sun ga bambanci tsakanin horo iri biyu. Wanda ake ba manajoji, ana koya musu yadda za su gane matsala su shiga tsakani, yakan zo da ƙaruwar mata a muƙaman shugabanci. Wanda ake tara kowa da kowa ana karanto jerin haramtattun abubuwa bai haifar da hakan ba, a wasu wuraren ma baya aka ci. Bayanin da suka bayar mai sauƙin fahimta ne: mutumin da aka ɗauka abin zargi yakan toshe kunne, wanda aka danƙa wa aikin gyara yakan saurara.

Masu gabatar da ƙara ma sun sauya tambayoyinsu. A Fabrairun 2017 sashen yaƙi da zamba na ma'aikatar shari'a ya fitar da takardar jagora kan yadda ake auna shirin bin ƙa'ida na kamfani, lokacin Hui Chen, wadda ta yi wannan aiki a Microsoft da Pfizer da bankin Standard Chartered, tana ba sashen shawara. An sabunta takardar sau da dama tun daga 2019. Tana tambayar ko an tsara horon bisa haɗarin da ke tattare da aikin kowane rukuni, ko an ba da shi cikin harshe da sigar da ma'aikata ke fahimta, ko akwai hanyar yin tambaya, me aka yi da waɗanda suka faɗi jarrabawa, kuma ta yaya kamfani ya san horon ya shafi halin mutane. Sigar 2020 ta ambaci gajerun darussa masu nufar matsala guda.

Idan aka tattara wannan tarihi, ana iya ganin inda manhaja mai kyau ta rabu da marar kyau. Ga ma'aikaci, darasin da ke aiki shi ne wanda ya san aikinsa. Mai karɓar kuɗi a kanta yana buƙatar sanin abin da zai yi idan abokin hulɗa ya riƙa kakkarya ajiyarsa domin kauce wa adadin da ake kai rahoto, jami'in sayayya kuma yana buƙatar sanin amsar da zai ba ɗan kwangilar da ya aiko da rago kafin Sallah. Tambayar da ta sa mutum zaɓi a cikin yanayi na gaske ta fi wadda ke neman shekarar da aka kafa doka. Lokaci ma yana da tasiri. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana cin mafi yawan abin da aka koya cikin kwanakin farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi zama guda mai tsawo, abin da tsarin awa biyu duk shekara biyu ya yi watsi da shi.

Ga mai kula da shirin, rajista wajibi ce, kuma manhajar da ke raba darussa bisa muƙami, ta tura tunatarwa da kanta, ta ajiye kwanan wata da sigar darasin da kowa ya gani, ta sauke masa nauyi mai yawa. Amma rahoton da ya fi amfani shi ne wanda ke nuna tambayar da rabin sashe guda suka faɗi, domin a nan ne ko dai darasin bai fito fili ba, ko kuma abin da ake yi a sashen ya saɓa wa abin da aka rubuta. Mizanin xAPI da ya fito a 2013 an yi shi ne domin a iya tattara irin waɗannan bayanai, har da abin da ya faru a wajen darasi.

Akwai kuma iyakar da manhaja ba ta iya ƙetarewa. Bankin Wells Fargo yana da horon ɗa'a, ya ma riƙa tara ma'aikata yana gargaɗinsu kan buɗe asusu ba da izinin mai shi ba. Amma manajoji sun ci gaba da ƙirga asusun da kowa ya buɗe a kullum, kuma aikin mutum da alawus ɗinsa sun rataya a kan adadin. A Satumban 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, lokacin ya riga ya sallami ma'aikata kusan 5,300 cikin shekara biyar. Sai bayan tarar bankin ya sanar da soke adadin cinikin da yake ɗora wa ma'aikatan rassansa.