Pikulbol: Amfanin da filin wasa mai rumfa ke yi wa unguwa

Pikulbol wasa ne da ya haɗa siffofin tanis da badminton da ƙwallon tebur. An ƙirƙire shi a shekarar 1965 a tsibirin Bainbridge da ke Jihar Washington ta Amurka, lokacin da Joel Pritchard da abokansa Bill Bell da Barney McCallum suke neman abin da zai ɗebe wa iyalansu kewa. A 2022 jihar ta ayyana shi a matsayin wasanta na hukuma.

Ana buga shi da ɗan allo mai mariƙi da ƙwallon roba mai huji-huji, a fili mai tsawon ƙafa 44 da faɗin ƙafa 20, an raba shi da raga. Ƙanƙantar filin ta sa ba a bukatar gudu mai yawa, shi ya sa dattawa suka rungume shi tun kafin matasa su waiwaye shi. Harabar filin tanis guda tana iya ɗaukar filayen pikulbol huɗu, wato mutum 16 a lokaci ɗaya.

Sai dai wasa ne da yanayi ke saurin ɓatawa. Ƙwallon ba ta kai giram 30 ba, iska kaɗan ta isa ta karkatar da ita. Idan aka yi ruwa daɓen kan yi santsi, kuma faɗuwa ga mai shekara 70 na iya zama karayar ƙugu. A yankin Seattle, inda wasan ya samo asali, yayyafi kan shafe watanni. A Florida da Arizona kuwa zafin rana ne ke korar jama'a tun da hantsi. Wannan ne ya sa ƙananan hukumomi da dama ke gina rumfa a kan filayensu: rufi mai tsayi bisa ginshiƙai, galibi ba bango, da fitilu domin wasan dare.

Babban amfanin rumfar shi ne tabbas. A filayen gwamnati akwai al'adar jera alluna a bakin fili, kowa ya jira layinsa, a haɗa shi da duk wanda ya tarar. Ta haka baƙo ke yin abokai, wanda ya yi ritaya ke samun dalilin fitowa kowace safiya. Amma irin wannan sabo ba ya ɗorewa idan rabin ranakun mako hadari ko rana sun hana fita. Batun ba ƙarami ba ne a ƙasar da babban jami'in lafiyarta na wancan lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi a 2023 cewa kaɗaici ya zama annoba. Makarantu da masu koyarwa su ma suna iya tsara darasi ba tare da fargabar sokewa ba.

Akwai kuma ribar kasuwanci. Tun 2016 dandalin shaƙatawa na East Naples a Florida ke karɓar gasar US Open ta pikulbol, kuma hukumar yankin ta rufe wasu daga filayensa da babbar rumfa. Dubban 'yan wasa da 'yan kallo ne ke cika otal-otal da gidajen abinci na garin a makon gasar.

Rumfa ba ta magance komai ba. Ƙarar bugun ƙwallon ta jawo ƙorafe-ƙorafe har da shari'o'i a unguwanni da dama, kuma rufin ƙarfe marar bango na iya dawo da amon maimakon ya rage shi, sai an sa masa kayan da ke shanye sauti. Ginin ma yana da tsada. Inda hukuma ta mayar da kuɗinta ta hanyar sa farashin shiga da tilasta kama lokaci ta intanet, dattawa masu ƙaramin ƙarfi ne farkon waɗanda ke daina zuwa, alhali don su aka fi bukatar inuwar.