Gahawa ta masu raya dare ce, agogo ya mayar da ita ta safe

1/ Kun san kofunan tangaran ɗin nan da ake rubuta wa "kar ka yi min magana sai na sha gahawa" ko "ba na shiri da safiya"? Ni ma ba na shiri da safiyar, shi ya sa na bi diddigin maganar. Ku biyo ni 🧵

2/ Asalin itacen gahawa ƙasar Habasha ne, amma shanta yadda muka sani a Yaman ya kafu, ƙarni na 15. Sufaye ne suke sha don su kori barci su raya dare da zikiri. Wato abin shan masu kwana a zaune ce tun farko. Kalmar "gahawa" ma daga Larabci muka aro ta.

3/ Har ta tayar da ƙura: a 1511 gwamnan Makka, Kha'ir Beg, ya hana ta, saboda majalisun da ake yi a kanta. Hanin bai daɗe ba. A 1652 aka buɗe gidan shan gahawa na farko a Landan.

4/ To ina safiya ta shigo? Masana'anta. Manomi rana yake bi, in zafi ya yi ya nemi inuwa. Masaƙun Ingila kuwa ƙararrawa ce ke kira, ka makara a yanke maka kuɗi. Talaka ba shi da agogo mai ƙara, sai aka samu sana'ar tashin mutane: mutum ya bi gida-gida da asuba da doguwar gora yana buga taga. A gabashin Landan akwai wata Mary Smith da ke hura busasshen wake ta bututu ya daki gilashin. Ladanta sisi a mako. Wa ke tashin mai tashin mutane? Da yawansu ba sa kwanciya ma sai sun gama zagaye.

5/ A Amurka aka ɗaura wa gahawa aure da aiki. A 1952 hukumar tallan gahawa ta Pan-American Coffee Bureau ta yi gagarumin talla kan hutun shan gahawa a wurin aiki. A 1956 wata kotun tarayya, a shari'ar wani kamfanin saƙa na Denver, ta ce ɗan hutun nan lokacin aiki ne, dole a biya. Hujjarta? Mai kamfani ne ke cin ribar ƙarfin da ma'aikaci ya samu. Nan fa ake yinta.

6/ Sai ga Garfield a 1978, magen Jim Davis mai ƙin Litinin da son barci, ya hau kofuna da riguna. Ni a ganina rubutun kofin ƙorafi ne da ma'aikaci ba zai iya faɗa wa oga baki da baki ba, sai ya ɗora shi kan tebur. Oga ya karanta ya yi dariya, don ko ba komai ka zo ƙarfe takwas ɗin, kuma da kuɗinka ka sayi ƙorafin.

7/ Mu da aka taso mu da "da sanyin safiya ake kama fara", duk wanda idonsa bai buɗe da wuri ba malalaci ne. Amma tun 1976 Horne da Östberg suka fito da jerin tambayoyin da ke rarrabe mutanen safe da na dare, kuma bincike ya nuna akwai gado a ciki. Samari ma agogon jikinsu baya yake ja har wajen shekara 20.

8/ Gahawar kuma ba ta biyan bashin barci. Sinadarin kafin da ke cikinta toshe saƙon gajiya kawai yake yi a ƙwaƙwalwa, in ya sake ka wajen azahar sai hammar ta dawo da ƙarfinta, ka sake ɗaukar kofin ka nufi butar ruwan zafi.