Tsohuwar Mota a Matsayin Shaidar Tarihi: Nazari a Kan Motocin Schlumpf na Ƙasar Faransa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sun saba neman shaida a wurare uku, watau rubutattun takardu, da bakin dattawa, da kuma abin da aka haƙo a kufai. Ba safai akan tuna da injuna ba, alhali kuwa ƙarni na ashirin ƙarnin injuna ne. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tsohuwar mota shaida ce ta tarihi, kuma hannu biyu ne ke iya ceton wannan shaida ko su lalata ta: hannun mai jigila da hannun mai gyara. Domin tabbatar da haka, za mu bi diddigin tarin motocin da wasu 'yan'uwa biyu, Hans da Fritz Schlumpf, suka yi a birnin Mulhouse na lardin Alsace, a gabashin Faransa. Za mu duba yadda aka sayo motocin, da yadda aka yi dakonsu, da yadda aka gyara su, sa'an nan mu ga hannun wa suka faɗa daga ƙarshe.

2.0 Asalin Motocin da Masu Tara Su

Kafin mu shiga labarin 'yan'uwan, ya kamata mu san motar da ta ɗauke musu hankali. Ettore Bugatti mutumin Milan ne ta ƙasar Italiya. A shekarar 1909 ya kafa masana'antarsa a garin Molsheim na Alsace, lokacin lardin yana hannun Jamus. Motocinsa sun yi suna wajen tsere da kyawun ƙira, amma ba a yi su da yawa ba, domin duk abin da masana'antar ta ƙera bai wuce kimanin 8,000 ba. Mafi girma a cikinsu ita ce wadda ake kira Royale, mai tsawon fiye da mita 6 da inji mai silinda 8. Guda 6 kaɗai ake da su, kuma 3 ne kawai aka samu aka sayar a zamanin da aka yi su, saboda karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929. Ɗansa Jean ya rasu a 1939 yana gwajin mota, shi kuma Ettore ya rasu a 1947. Daga nan masana'antar ta yi ta ja da baya.

Su kuwa Hans da Fritz, an haife su a Italiya a 1904 da 1906, suna riƙe da takardun zama 'yan ƙasar Suwizalan, amma a Mulhouse suka tashi, garin mahaifiyarsu. Sana'arsu ita ce ulu. Sun mallaki masaƙar garin Malmerspach, sa'an nan a 1957 suka sayi wata tsohuwar masaƙa a cikin Mulhouse. Fritz shi ne mai son motoci, kuma daga wajen 1960 ya shiga saye ba ƙaƙƙautawa. A 1962 wani masanin motocin Bugatti ɗan Ingila, Hugh Conway, ya buga littafin da ya jera motocin da suka rage da sunayen masu su. Fritz ya bi wannan jeri yana aika wa masu motocin wasiƙun tayi. A 1963, da kamfanin Hispano-Suiza ya sayi masana'antar Molsheim, sai Fritz ya kwashe abin da ya rage a can na tsofaffin motoci, har da Royale ta Ettore kansa, tare da injuna da tarin kayan gyara. Kamar yadda za mu gani nan gaba, waɗannan kayan gyara sun yi tasiri ƙwarai a kan aikin da ya biyo baya.

3.0 Jigilar Shekarar 1964

Ciniki mafi girma da Fritz ya yi a ƙetare shi ne na wani attajiri ɗan Amurka, John W. Shakespeare, wanda ya tara motocin Bugatti 30 a ƙauyen Hoffman na jihar Illinois. A cikinsu akwai Royale guda ɗaya, wadda kamfanin Park Ward na Ingila ya yi wa bodi. An daɗe ana ja-in-ja a kan farashi ta hanyar wasiƙu, domin wanda aka aika ya duba motocin ya tarar da yawancinsu cikin ƙura, wasu ma a kwance, sassansu a warwatse. Daga bisani aka daidaita a kan dala 85,000, har da kuɗin dako.

Ran 30 ga Maris, 1964, aka loda motocin a taragun dakon motoci na jirgin ƙasa, aka nufi tashar jiragen ruwa ta New Orleans da su. Daga can jirgin ruwa ya ƙetara tekun Atlantika da su zuwa Le Havre, sa'an nan manyan motoci suka ratsa Faransa daga yamma zuwa gabas har Mulhouse. Watau sau biyu kayan suka sake abin hawa kafin su isa.

Yana da kyau mu tsaya mu dubi abin da irin wannan dako ya ƙunsa. Sabuwar mota ita ke hawa tarago da kanta, ta sauka da kanta. Tsohuwar da ta yi shekaru a ajiye kuwa, tayoyinta sun bushe, birkinta ya kama, injinta ba ya tashi, sai an tura ta ko an ja ta da igiya. In an ɗaure ta a inda bai dace ba, bodin da ke da katako a cikinsa yakan tsage. Babban haɗari kuma yana ga sassan da aka kwance. Kowace mota tana da lambar da aka buga a ƙashinta, injinta kuma yana da tasa, kuma da waɗannan lambobi ne ake gane shekarar da aka ƙera ta da mutanen da suka mallake ta. In aka zuba sassan motoci 30 wuri ɗaya ba tare da alama ba, to, ko da babu ƙusa ɗaya da ta ɓata, tarihin ya rikice. Daidai yake da a tsinke ɗaurin tsofaffin littattafai 30 marasa lambar shafi, a zuba takardun a buhu ɗaya. Saboda haka aikin mai jigila bai tsaya ga kai kaya lafiya ba, har da tsare dangantakar kowane sashe da motarsa, da takardun da ke biye da ita.

4.0 Gyara a Ɓoye

A wani ɓangare na masaƙar Mulhouse Fritz ya buɗe garejinsa, ya ɗauki masu sana'a da yawansu ya kai kimanin 40: makanikai, da maƙeran bodi, da masu fenti, da kafintoci, da dukawa masu ɗinka kujeru. An umurce su da su kama bakinsu, kuma baƙi ƙalilan ne aka bari suka shiga. Ya sa aka gyara wani makeken zaure mai faɗin kimanin murabba'in mita 17,000, aka kafa fitilu ɗaruruwa irin na gadar Alexandre III ta birnin Paris, da niyyar buɗe gidan kallo don tunawa da mahaifiyarsu wadda ta rasu a 1957.

Lalle wannan aiki ya ceci motoci da dama da tsatsa za ta cinye, ko kuma a sayar da su a matsayin ƙarfen awo. Amma abin da Fritz ke so shi ne mota ta fito tana ƙyalli kamar ranar da aka ƙera ta, har ya sa aka shafa wa da yawa daga cikin motocin Bugatti shuɗin fenti, launin da aka san Faransa da shi a fagen tsere. A nan ne mai nazarin tarihi zai ga asara. Tsohon fenti yana gaya mana irin kayan da masana'antar ta yi amfani da su. Kujerar da ta side tana nuna yawan aikin da motar ta yi. Waldar da wani makaniki ya yi a lokacin yaƙi, sa'ad da kayan gyara suka yi wuya, tana ba da labarin ƙuncin wannan zamani. Duk abin da aka kankare daga cikin waɗannan ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Akwai misalin da ya fi wannan zurfi. A 1932 Jean Bugatti ya tsara wa wani attajiri mai suna Armand Esders bodin Royale mai kujeru a buɗe, marar fitilun gaba. Daga baya aka cire wannan bodi aka sa wani. Da kayan da ya kwaso daga Molsheim, Fritz ya sa aka fara ƙera irin wannan mota daga tushe, ba a kuwa gama ta ba sai a wajen 1990. Motar tana da kyau, sassanta da yawa na Bugatti ne na asali, amma ba ta taɓa taka titi a zamanin Esders ba. Ita kwaikwayo ce, kuma wajibi ne a gaya wa mai kallo haka, domin in an yi shiru, bayan shekaru 50 kwaikwayo zai zama asali a idon jama'a.

5.0 Ranar da Asiri ya Tonu

Sa'ad da ake zuba kuɗi a gareji, sana'ar saƙa a Turai tana fuskantar matsi daga yadi mai araha na ƙasashen Asiya. A 1976 masaƙun Schlumpf suka durƙushe, ma'aikata kusan 2,000 suka rasa abin yi. Bayan ma'aikata sun yi wa gidansu na Malmerspach ƙawanya, 'yan'uwan suka ƙetare iyaka zuwa birnin Basel na Suwizalan. Ran 7 ga Maris, 1977, 'yan ƙwadago suka kutsa cikin masaƙar Mulhouse, suka tarar da motoci fiye da 400, a cikinsu fiye da 100 Bugatti ne. Suka riƙe wurin shekara biyu, suka raɗa masa suna Gidan Tarihin Ma'aikata, suka buɗe ƙofa kyauta, kuma mutane kimanin 800,000 suka zo kallo. Hujjarsu ita ce, da guminsu aka sayi motocin.

Gudun kada a yi gwanjon motocin su watsu a duniya, a 1978 hukumar Faransa ta sa tarin cikin jerin kayan tarihin ƙasa, abin da ya hana fita da su waje. A 1981 aka sayar da su ga wata ƙungiya da ta haɗa da hukumomin birni da na lardi a kan faran miliyan 44, kuɗin Faransa na wancan lokaci. A watan Yuli, 1982, aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihin motoci na ƙasa. A 1989 kotu ta yi umurni a haɗa sunan Schlumpf da sunan gidan. Hans ya rasu a 1989, Fritz kuma a 1992.

6.0 Motocin da Gyara Bai Kai Gare Su Ba

Akwai wasu motoci kimanin 60 da aka jibge a Malmerspach suna jiran layin gyara, layin da bai taɓa zuwa ba. Wasu daga cikinsu na Shakespeare ne. A 1999 aka mayar da su ga matar Fritz, bayan rasuwarta kuma a 2008 aka sayar da su. Kaso mai yawa ya tafi gidan tarihin Peter Mullin a garin Oxnard na jihar California, watau wasu sun sake ƙetara tekun da suka ƙetaro a 1964. Abin lura shi ne, an baje da dama daga cikinsu yadda suke, da tsatsarsu da yagaggun kujerunsu, domin a lokacin ra'ayin masana ya juya. Motar da ba a taɓa ba ta zama ma'aunin da ake gwada waɗanda aka gyara da shi. An rufe wannan gida a 2024 bayan rasuwar Mullin, aka yi gwanjon yawancin motocin.

Wannan sauyin ra'ayi ya samu tsari a rubuce a Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fara aiki da ita a 2013. Ƙungiyar tana ɗaukar abin hawa a matsayin na tarihi in ya kai shekara 30. Abin da yarjejeniyar ta karantar shi ne a fifita adanawa a kan sabuntawa, a rubuta duk aikin da aka yi, a sa alama a kan sashen da aka musanya, kuma a yi gyaran da za a iya warwarewa in hali ya yi.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa motocin Schlumpf sun tsira ne ta hanyar jirgin ƙasa da jirgin ruwa da hannun masu sana'a, amma gyaran da ya cece su ya share wani ɓangare na abin da suke ɗauke da shi. Mun ga kuma cewa tarihinsu ya haɗa da na masaƙan da suka rasa aikinsu.

Wannan darasi ba baƙo ba ne gare mu. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas an ajiye baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Da wani mai kyakkyawar niyya ya toshe ramukan ya yi mata fenti, da an sami mota mai kyau an rasa shaida. Saboda haka muna ba da shawara ga malaman tarihi da ma'aikatan gidajen tarihi cewa, duk tsohuwar motar da ta zo hannunsu, a ɗauki hotonta a inda aka same ta, a rubuta lambobinta, a sa wa kowane sashe alama kafin a loda ta, a tattara takardunta, a kuma ji ta bakin direbobi da makanikan da suka yi aiki da ita tun suna raye. Bayan an gama wannan ne za a zauna a yanke shawarar ko tana bukatar gyara.